Rai Mai Araha, Sulke Na Sayarwa: Nazarin Ƙarfi da Raunin Dokokin Wasan Cyberpunk 2020

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dokokin Cyberpunk 2020, wasan kwaikwayo na kan tebur wanda kamfanin R. Talsorian Games ya fitar a Amurka a 1990. Ma'aunin da aka ɗauka ɗaya ne: shin abin da dokokin suke sa ɗan wasa ya ji a bakin tebur ya dace da jigon da littafin ya ɗauki alkawarinsa? An bi ta kan dokar jefa dayis, da jadawalin tarihin rayuwa, da faɗa, da dashen ƙarfe a jiki, da kutsen kwamfuta. Abin da nazarin ya nuna shi ne ƙarfin wasan da rauninsa daga tushe ɗaya suka fito, domin tsoron mutuwa da dokokin faɗa suka shuka, shafukan kayan sayarwa na littafin ne suke tumɓuke shi.

Gabatarwa

Mutane da yawa sun san sunan Cyberpunk ne ta wasan bidiyo na Cyberpunk 2077, wanda kamfanin CD Projekt na ƙasar Folan ya fitar a Disambar 2020. Wancan jika ne. Kakansa littafi ne da fensir da takarda. Mutum huɗu ko biyar suke zagaye tebur, ɗaya ya zama alƙalin wasa mai bayyana gari da mutanensa, sauran kowa ya riƙe tauraro guda yana faɗar abin da tauraron zai yi. Kamar tatsuniya ce da masu sauraro suka karɓe taurarinta daga hannun mai bayarwa, sai dai in an yi gardama kan ko Gizo ya tsallake rijiya ko ya faɗa, dayis irin na lido ne yake raba ta. Wannan nau'in wasa ya samo asali ne daga Dungeons & Dragons na 1974.

Mike Pondsmith ne ya tsara Cyberpunk. Bugun farko ya fito a 1988, cikin kwali mai ɗauke da ƙananan littattafai uku, labarinsa kuma yana faruwa a shekarar 2013. Bugu na biyu, wanda shi ne abin nazarinmu, ya tura labarin zuwa 2020. Fim ɗin Blade Runner na 1982 da littafin Hardwired na Walter Jon Williams na 1986 sun yi masa tasiri sosai. Dandalin labarin shi ne Night City, birnin ƙirƙira a gaɓar tekun Kalifoniya, inda gwamnatin Amurka ta durƙushe, kamfanoni irin su Arasaka da Militech suke da sojojin kansu, talaka kuma ba shi da abin sayarwa sai jikinsa da ƙwarewarsa. Bai fito shi kaɗai ba: Shadowrun na kamfanin FASA ya fito a 1989, GURPS Cyberpunk kuma a 1990.

Ƙashin bayan doka

Tsarin da wasan yake tafiya a kai ana kiransa Interlock, kuma yaro ma zai koye shi a zama ɗaya. Kowane tauraro yana da siffofi tara, daga maki 2 zuwa 10: basira, zafin nama, natsuwa, iya hannu, sa'a, kyan gani, saurin ƙafa, tausayi da ƙirar jiki. Idan zai yi wani abu, sai a haɗa makin siffa da makin ƙwarewa, a jefa dayis mai fuska goma, a tara. Abu mai sauƙi yana neman 10, matsakaici 15, mai wuya 20, mai tsananin wuya 25, wanda ya kusa gagara 30. Da wannan ake buɗe kwaɗo, da shi ake lallashin mai gadi, da shi ake harbi.

Wannan sauƙin babban rabo ne idan aka tuna yadda wasannin wancan zamani suke cike da jadawali iri-iri. Sai dai dayis ɗaya ba shi da tsakiya. Kowace fuska damarta ɗaya ce, kuma wanda ya jefa 1 ya faɗi komai gwanintarsa. Likitan da ya shekara ashirin yana fiɗa zai kasa sau ɗaya cikin goma, daidai da ɗalibinsa. Ta ɗaya gefen kuma, ratar da ke tsakanin gwani da gama-gari takan fi dayis ɗin kansa faɗi. Mai zafin nama 6 da ƙwarewar bindiga 4 yana da damar kashi 60 cikin 100 a harbin kusa, da kashi 10 kacal a matsakaicin nisa. Mai zafin nama 10 da ƙwarewa 8 yana da kashi 90 a duka biyun. Bambancin nisan biyu ya daina yi masa ma'ana.

Akwai kuma son kai da aka nuna wa zafin nama. Harbi, dambe, kauce wa sara, tuƙin mota, saɗaɗawa, da wanda zai fara motsi a faɗa, duk a kansa suka rataya. Duk ɗan wasan da ya karanta littafin sau biyu ya san inda zai zuba makinsa, shi ya sa tebur yakan cika da taurari masu zafin nama 9 ko 10 da kyan gani 3, a wasan da yake ta jaddada cewa ado da salo su ne kan gaba.

Mutum kafin bindiga

Sashen da ya fi kowane tsufa da kyau shi ne Lifepath, wanda Pondsmith ya taho da shi daga wasansa na baya, Mekton. Kafin a fara wasa, ɗan wasa zai jefa dayis ya san irin tufafin tauraronsa, da gidan da ya fito, da abin da ya sami iyayensa, da 'yan'uwansa da yadda suke kallonsa, da abin da ya fi so a duniya. Daga nan kowace shekara bayan ta 16 tana da jifa guda: ko babbar sa'a ko babbar masifa, ko aboki ko maƙiyi, ko soyayya, ko kuma shekarar ta wuce shiru. Idan maƙiyi ya fito, jadawalin zai faɗi wane ne, me ya haɗa su, wa ke jin haushin wa, kuma wane ƙarfi yake da shi.

Cikin rabin awa sai ga mutum mai bashi a wuyansa, da tsohuwar budurwa da ta koma aiki da kamfanin da ya kashe yayansa. Alƙalin wasa bai sha wahalar ƙirƙira ba, an miƙa masa zaren labari. Traveller na 1977 ya riga shi jefa dayis domin tarihin tauraro, amma abin da Traveller yake ƙirgawa shekarun aiki ne da muƙami. Lifepath alaƙa yake ƙirgawa, kuma a labarin da jigonsa cin amana ne, alaƙa ita ce jari.

Aibinsa rashin adalci ne. Wani zai fito da malamin kokawa da ƙarin ƙwarewa kyauta, na kusa da shi ya fito da zaman kurkuku da tabo a fuska. A ganina wannan aibi ne mai sauƙin yafewa, domin duniyar da ake kwaikwayo ba ta yi wa kowa alkawarin adalci ba.

Harsashi

Dokokin faɗa suna da sunansu na musamman, Friday Night Firefight, kuma a kansu sunan wasan ya tsaya. A Dungeons & Dragons jarumi yana ƙara makin rai duk lokacin da ya hau mataki, har ya kai inda sara goma ba ya kayar da shi. A nan babu mataki. Kowa, sabon shiga da tsohon hannu, akwati 40 yake da su a takardar rauni, an kasa su huɗu-huɗu. Huɗun farko rauni ne mai sauƙi. Na biyu suna rage maki 2 daga zafin nama. Na uku suna raba zafin nama da basira da natsuwa biyu. Daga maki na 13 mutum ya shiga halin rai kwakwai mutu kwakwai, kowane zagaye sai ya jefa dayis a kan ƙirar jikinsa domin ya ci gaba da numfashi, har sai an samu mai tsayar da jinin. Ko ƙaramin rauni ma sai an jefa a ga ko ya suma.

Sannan harsashi yana da inda yake sauka. Jifa 1 kai ne, 2 zuwa 4 gangar jiki, 5 da 6 hannuwa, 7 zuwa 10 ƙafafu. Raunin da ya haura maki 8 a bugu ɗaya yana tsinke hannu ko ƙafa. A kai kuwa ana ninka rauni biyu, kuma abin da ya haura 8 mutuwa ce nan take, babu jifan ceto. Mu ɗauki ƙaramar bindigar hannu ta gama-gari, wadda rauninta dayis biyu ne masu fuska shida da ƙarin 1. Matsakaicinta 8. Mai matsakaicin jiki ana rage masa 2. An daɗe ana gardama a tebura kan ko ragi ake fara yi ko ninki, amma ko ta wace hanya aka bi, 12 ne ko 14, mutumin dai ya tafi. Ko da an bi hanyar da ta fi sassauci, sama da kashi 70 cikin 100 na irin wannan harbi a kan da ba kwalkwali kisa ne.

Abin da wannan lissafi yake haifarwa a tebur ya fi lissafin muhimmanci. 'Yan wasa suna neman bango su laɓe. Suna tambayar ƙofar baya kafin su shiga mashaya. Suna gwada magana da cin hanci kafin su zaro makami, domin yaro ɗan shekara 15 mai bindigar araha zai iya gamawa da tauraron da aka yi wata shida ana renonsa. Warkewa kuma tafiyar hawainiya ce, rabin maki a rana da taimakon gaggawa, maki ɗaya a hannun likita. Har kamfanin motar asibiti mai tashi sama, Trauma Team, an saka cikin doka: mai katin biyan kuɗi za a zo a ɗauke shi da bindigogi cikin 'yan mintoci, marar kati kuma sai abin da Allah ya yi. Ba a buƙatar alƙalin wasa ya yi wa'azi kan bambancin mai kuɗi da talaka. Takardar tauraro ta riga ta faɗa.

Kuɗin da ake biya shi ne lokaci. Zagaye ɗaya daƙiƙa uku ne a cikin labari, amma kowane harsashi yana neman jifan wuri, da jifan rauni, da ragin sulke, da ragin jiki, da jifan suma. Idan mai bindiga mai sarrafa kanta ya saki harsashi talatin, goma suka samu, sai a yi wannan hidima sau goma. Faɗan rabin minti yakan cinye awa guda.

Kasuwar da ta cinye tsoro

A nan gizo yake saƙar. Kowane sulke yana da lambar da ake cirewa daga rauni kafin komai. Saƙar da ake yi wa fata, Skinweave, tana tare 12. Farantin da ake dasawa ƙarƙashin fatar ƙirji yana tare 18. Cikakken sulken Metal Gear yana tare 25. Bindigar hannun da muka ambata iyakarta 13, wato Skinweave kaɗai ba ta hudawa sai dayis biyun sun faɗi a kan shida, sau ɗaya cikin 36. Bindigar soja mai dayis biyar tana haura 25 ƙasa da sau biyu cikin 100. Duk tsoron da sashen baya ya gina, ana sayen maganinsa a shago, kuma tauraro mai ɗan hali zai iya sayensa tun kafin zama na farko.

Da 'yan wasa suka gane ana iya jera sulke kan sulke, sai abin ya zama tsere. Alƙali ya kawo harsashi mai huda sulke, wanda yake raba lambar biyu. 'Yan wasa su ƙara kauri. Alƙali ya kawo bindigar harbo tanka. Wanda yake shan wahala shi ne ɗan jarida ko mawaƙin da ke cikin ƙungiyar da 'yar jaket ɗinsa, domin makamin da zai ƙwarzani sojan haya shi zai watsa mai 'yar jaket. Littafin yana da dokokin rage wannan, kamar nauyin sulke da ke rage zafin nama da raguwar lambarsa idan an huda shi, amma ba su kai girman ramin ba.

Littattafan ƙari sun hura wutar. Jerin Chromebook guda huɗu da aka fara a 1991 an tsara su ne kamar mujallar talla, kuma daɗin karatu gare su. Maximum Metal na 1993 ya kawo motocin yaƙi da sulke mai inji. Dole kamfani ya sayar da littafi, littafin da ya fi tafiya kuwa shi ne mai sabon makami. A lokaci guda koyon ƙwarewa tsada gare shi: hawa mataki ɗaya na ƙwarewa yana cin makin gogewa ninki goma na matakin da kake, alhali abin da ake samu a zama guda kaɗan ne. Mai son ya ƙaru ya san shago ya fi makaranta kusa.

Ana iya cewa ai wannan shi ne jigon, duniya ce da kuɗi yake sayen komai. Na yarda da rabin maganar. Amma labarin cyberpunk labarin na ƙasa ne da yake kallon bene daga titi, kuma dokar da take mayar da shi tanka cikin wata biyu ta fitar da shi daga labarin. Kamfanin da kansa ya ga haka, shi ya sa a 1994 ya fitar da littafin shawarwari ga alƙalan wasa, Listen Up, You Primitive Screwheads, wanda yawancin maganinsa dabara ce: a sace kayan, a sa guba, a kama tauraro yana wanka. Shawara ce mai amfani, amma tana nuna cewa nauyin daidaita wasan an sauke shi daga kan doka an aza wa mutum ɗaya.

Mutuntaka a kan sikeli

Birkin da aka yi wa dashen ƙarfe shi ne makin mutuntaka. Ana ninka tausayi sau goma, abin da ya fito shi ne jarin tauraro. Kowane dashe yana cin wani abu daga ciki, hannun ƙarfe misali dayis biyu ne masu fuska shida. Duk maki goma da suka tafi, tausayi ya ragu da ɗaya, ƙwarewar hulɗa da mutane ta bi shi. Idan ya ƙare, tauraro ya haukace, ya daina ganin mutane a matsayin mutane, alƙali ya karɓe takardarsa. Shadowrun ma yana da irin wannan ma'auni, amma nasa da sihiri ya haɗa shi. Na Cyberpunk da zumunci ya haɗa shi, kuma hakan ya fi taɓa zuciya: kana sayen ƙarfi, kana biya da iya zama da mutane.

Matsala biyu ce a nan. Ta farko ta lissafi ce. Tunda tausayi shi ne jarin, wanda yake son ya cika jikinsa da ƙarfe sai ya fara da tausayi 10. Mutumin da ya fi kowa taushin zuciya shi ne ya fi dacewa da zama injin kisa, kuma ɗan wasa yana kallon tausayin ne kamar man da zai ƙona. Ta biyu ta fi nauyi. Doka ba ta bambanta wanda ya yanke lafiyayyen hannunsa domin ya dasa wuƙaƙe da wanda ya rasa hannu a haɗari ya sa na ƙarfe domin ya ci abinci ba. Duka biyun mutuntakarsu ta ragu. Masu buƙata ta musamman sun yi ƙorafi kan wannan, kuma da gaskiyarsu. Cyberpunk Red, wanda ya fito a 2020, ya gyara: dashen da aka yi domin maye gurbin abin da aka rasa, ba tare da ƙarin ƙarfi ba, ba ya cin komai.

Mai kutse da sauran jama'a

Sana'o'in wasan sun haɗa da sojan haya, mai kutse, makaniki, likitan titi, ɗan jarida, ɗan sanda, jami'in kamfani, dillali, ɗan ayari da mawaƙin tawaye, kowanne da baiwar da wani ba shi da ita. Jerin da kansa abin yabo ne, domin ya ce ana iya yaƙar kamfani da waƙa ko da rahoto. Amma baiwar sojan haya lamba ce da ake ƙarawa kai tsaye a kan jifan wanda zai fara motsi, a wasan da wanda ya fara harbi yakan zama na ƙarshe a tsaye. Baiwar ɗan jarida da ta mawaƙi kuwa 'yan sakin layi ne da aka bar wa alƙali ya fassara.

Mai kutse matsalarsa daban ce. An ba shi wasa sukutum nasa: taswirar duniya ta layukan waya, da ganuwar bayanai da ake zanawa a takarda mai gidaje, da manhajoji masu cin wuri a na'urarsa, da masu gadi da ke iya ƙona masa ƙwaƙwalwa. Zagayensa daƙiƙa ɗaya ne, wato yana motsi sau uku kafin sauran su yi ɗaya. Ba ya ma buƙatar barin ɗakinsa. Sakamakon sananne ne ga duk wanda ya taɓa buga wasan: alƙali da mutum ɗaya su duƙufa, huɗu su zauna suna hamma. Tebura da yawa sun warware matsalar ta hana kowa ɗaukar wannan sana'a, su bar ta a hannun alƙali. Wasan cyberpunk ke nan da aka kori mai kwamfuta daga cikinsa. Abin sha'awa, wannan sashe ya yi kyau da aka cire shi ya tsaya da ƙafarsa, domin daga duniyar nan Richard Garfield ya tsara wasan kati na Netrunner a 1996, na mutum biyu, inda babu wanda zai zauna jira.

Ban sa tsufan fasaha cikin aibobi ba. Gaskiya ne 2020 ɗin littafin tana da na'urar faks, wayar hannu kayan masu hali ce, Tarayyar Sobiyet kuma tana nan daram. Wannan hoton fargabar Amurka ne ta ƙarshen shekarun 1980, lokacin da ake ganin kamfanonin Japan za su saye komai, kuma yau an fi jin daɗinsa a matsayin tarihin da bai faru ba.

Abin da magaji ya gyara

Cyberpunk Red tamkar amsa ce ga wannan jerin ƙorafi. An raba zafin nama gida biyu. An tilasta wa mai kutse ya kasance cikin mita shida daga inda zai shiga, domin harsashi ya same shi tare da abokansa. An taƙaita sulke zuwa kai da jiki, kuma yana raguwa duk lokacin da aka huda shi. An rubuta wa kowace sana'a dokokin baiwarta dalla-dalla. An kuma koma ga makin rai irin na sauran wasanni, har matsakaicin tauraro zai iya shan harbin bindigar hannu uku ko huɗu yana tsaye. Wannan na ƙarshe shi ne inda nake da ja. Tebur ya samu sauri da adalci, amma ɗan wasan Red yana iya duba takardarsa ya lissafa harbi nawa ya rage masa kafin ya nemi mafaka. A Cyberpunk 2020, muddin kansa ba kwalkwali, ba shi da wannan lissafin, shi ya sa har yanzu wasu tebura suke aron dokar kutse da ta mutuntaka daga Red, su bar jadawalin harsashi yadda yake tun 1990.